Zafin Da Ke Sa Mota Mai Turbo Sanyin Jiki Bayan Tsayuwa a Bakin Iyaka

Ga taƙaitaccen bayanin abin da muka tattauna a filinmu na direbobi da fatake na makon jiya, saboda waɗanda suna daji ko suna kan hanya lokacin da shirin ya fita. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba.

Asalin maganar, wani bawan Allah ne ya bugo mana waya, mai fataucin dabbobi da ke bin hanyar Maradi zuwa Jibiya ta Dan Issa. Ya ce motarsa Hilux ce mai shan gazuwal. Da safe in ya tashe ta, sai ka ce ingarman doki. Amma in ya iso bakin iyaka da rana tsaka, ya shiga layi ya yi awa ɗaya ko biyu injin na kunne, to da an sallame shi ya taka totur sai motar ta yi nauyi, ga baƙin hayaƙi, kamar an ɗaura mata dutse. In ya yi ɗan nisa kuma sai ƙarfinta ya dawo. Ya kai gareji, an ce masa sai an canza famfon mai da nozul, kuɗin kuwa sai ya sayar da sa guda kafin ya haɗa su. Shi ne yake tambaya, ya sayar ko ya dakata.

Mun ce masa ya dakata tukuna. Mota da ba mu gani ba, ba za mu yanke mata hukunci ta rediyo ba, amma alamun da ya lissafa sun yi kama da wani abu da masu motocin tsere suka daɗe da sani, suka kuma kashe dukiya mai yawa a kansa. Turawa suna kiransa da wani suna da ma'anarsa ita ce jiƙewa da zafi, kamar yadda tsumma ke jiƙewa da ruwa har ya kasa shan ƙari. Kafin mu kai can, sai mun fara da turbo.

Turbo, zugazugin injin

Injin mota wuta yake hurawa a cikinsa, wuta kuwa ba ta ci sai da iska. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga haka: gawayi ɗaya ne, amma in yaron maƙeri ya dage da zugazugi sai wutar ta yi jawur har ƙarfe ya yi laushi. To turbo shi ne zugazugin injin. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata ƴar fanka, ita kuma ta juya ƴar'uwarta da ke ɗaya gefen, wadda ke danna iska cikin injin da ƙarfi. Juyin nan yana wuce sau 100,000 a minti ɗaya. Da iska ta ƙaru sai a ƙara mai, sai ƙaramin injin ya yi aikin babba. Dabarar ta tsufa, don wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistarta tun 1905.

Ba kowace mota ke da turbo ba. Land Cruiser mai injin 1HZ da ƴan Agadas suka amince da ita ba ta da shi, haka ma Hilux mai injin fetur 2.7. Amma yawancin manyan motocin da ke ɗaukar shanu, albasa da wake a yau, irin su MAN, DAF, Renault da Howo, da sababbin Hilux masu gazuwal, duk da turbo suke aiki.

Matsalar ita ce, iska in an matse ta sai ta yi zafi. Wanda ya taɓa ba keke iska da famfon hannu ya sani, kafin taya ta cika gindin famfon ya ɗau zafi. Bari mu yi lissafi. A ce zafin gari digiri 40 ne, abin da muka saba gani a watan Afrilu da Mayu. In turbo ya matse iskar nan har ƙarfinta ya ninka biyu, za ta fito da zafin da ya kai digiri 130 zuwa 140, wato ya wuce na tafasasshen ruwa. Iska mai zafi kuwa buɗewa take yi, ba ta da nauyi. Kamar buhun da aka cika da ƙaiƙayi ne: ido ya ga ya cika, amma in an ɗora a sikeli sai a ga ba komai. Kusan duk ƙarin digiri 10, iskar da ke shiga injin tana raguwa da kashi 3 cikin 100.

Aikin intakula

Saboda haka ne aka sa wani ƙarfe tsakanin turbo da injin, wanda makanikai ke kira intakula. Yana kama da lagireto, da ƴan siraran haƙarƙari na alminiyam, sai dai shi iska ce ke bi ta cikinsa maimakon ruwa. Iskar turbo mai zafi tana bi ta ciki, iskar hanya tana bugun shi ta waje tana kwashe zafin. In yana da lafiya kuma mota na gudu, iskar da ta shigo da digiri 135 tana iya fita da 65 ko 70. Wannan kaɗai ya sa injin ya samu ƙarin iska kusan kashi ɗaya cikin biyar, ba tare da an taɓa komai ba.

Masu ƙera motocin gudu sun nuna amfaninsa ƙarara. Porsche 911 Turbo ta Jamus ta fito a 1975 da ƙarfin doki 260, ba ta da intakula. A 1978 aka ƙara girman injin daga lita 3.0 zuwa 3.3, aka ɗora intakula a ƙarƙashin fiffiken baya, ƙarfin ya kai doki 300. Dattawan Agadas ma sun ga irin waɗannan motoci da idonsu lokacin da tseren Paris zuwa Dakar yake ratsawa ta Nijar da hamadar Tenere. A 1986 Porsche 959 mai turbo biyu ce ta ci, a 1987 kuma Peugeot 205 Turbo 16 wadda Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan ya tuƙa. Amma ku lura, a watan Janairu ake tseren, lokacin ɗari. Direbobinmu su kuwa har cikin bazara suke lodi.

Abu biyu za a riƙe game da intakula irin na iska. Na farko, ba ya iya sanyaya iska ƙasa da zafin gari. In gari yana 45, to ko intakula sabo fil ne, iskar injin za ta fi 45. Na biyu, wanda shi ne gindin maganarmu, shi ba ya ƙirƙirar sanyi, aron sanyi yake daga iskar da ke wucewa. In iska ta tsaya, aikinsa ya tsaya.

Yadda ƙarfe ke jiƙewa da zafi

Yanzu mu koma kan layin bakin iyaka. Mota ta taho da lodi, turbo ya yi zafi, bututun salansa ya kai ɗaruruwan digiri. Sai aka tsaya. Iskar hanya ta yanke, amma zafin injin bai yanke ba, yana ta tashi yana taruwa a ƙarƙashin bonet. Rana na dukan ƙarfe daga sama, kwalta na mayar da zafi daga ƙasa, motar gaba kuma tana feso hayaƙinta. Alminiyam yana da saurin ɗaukar zafi. Cikin ƴan mintoci intakula da tiyoyinsa sun sha zafi sun ƙoshi. A wannan hali, iskar da ta bi ta cikinsa ba ta samun inda za ta sauke zafinta, wani lokaci ma ƙara mata yake yi.

Inda aka ɗora intakula yana da tasiri sosai. Hilux mai injin gazuwal 3.0 da aka yi tsakanin 2005 da 2015, wadda ke da ɗan hanci a kan bonet, intakula ɗinta a saman injin yake kwance. Hancin nan shi ke kamo iska ya tura masa. In mota na gudu, lafiya lau. In ta tsaya, ya zama tukunya a kan murhu. Haka motar tsere Subaru Impreza WRX take, kuma masu ita sun daɗe suna kuka da wannan. Hilux da ta fito daga 2015 an mayar da nata gaba, hancin ya ɓace. Manyan motoci su ma a gaba yake, a jere da lagireto, fanka na jawo musu iska, don haka sun fi jurewa tsayuwa. Amma su ma in za su hau tudu da lodi a giya ta ɗaya ko ta biyu, injin na ihu, mota na rarrafe, zafin da turbo ke kawowa yana iya fin iskar da ke kwashe shi yawa.

Me ke faruwa a cikin injin in iska mai zafi ta shiga? A motar fetur, man yana iya kamawa da kansa kafin lokacinsa, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan yana iya huda fistin. Shi ya sa kwamfutar motar, da ta ji alama, sai ta jinkirta tartsatsin fulogi ta rage ƙarfi don ta ceci injin. A motar gazuwal kuwa, iska ce ke yin kaɗan, mai ya kasa ƙonewa duka, sai baƙin hayaƙi, zafin salansa ya ƙaru. Sababbi masu kwamfuta suna auna zafin iskar, su rage mai da kansu. Direba ya ji mota ta yi kasala ya ɗauka lalacewa ta yi, alhali kare kanta take yi.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne allurar zafi da ke gaban direba. Ita zafin ruwan lagireto take nunawa, ba ta san komai game da iskar intakula ba. Tana iya tsayawa a tsakiya daram, intakula kuwa ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa.

Dabarun masu tsere

Masu tseren gajeren zango a Amurka sukan jira layi kamar yadda muke jira a bakin duwan, sannan a ce su tashi da dukan ƙarfi. Don haka za ka ga sun buɗe bonet, sun kafa fanka, sun ɗora ledar ƙanƙara a kan bututun iska kafin a kira su. Kamfanonin Japan kuma sun sa wa wasu Subaru WRX STI da Mitsubishi Lancer Evolution ƴar tankin ruwa da ke fesa wa intakula ruwa ta waje. Makiyayi ba sai an yi masa dogon bayani ba a nan, don ya san salka: ruwan da ke tsatsowa ta fata, iska na busar da shi, shi ke sa na ciki ya yi sanyi. Haka randa take. Wannan hikimar ce suka ɗaura wa mota.

Akwai kuma intakula mai amfani da ruwa, wanda ke da nasa ƙaramin lagireto da famfo. Ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi, don haka yana jinkirin ƙoshi, amma in ya ƙoshi shi ma yana jinkirin hucewa. Dodge Challenger Demon ta Amurka, ta shekarar 2018, wadda bel ke juya na'urar danna iskarta a madadin hayaƙi, an yi mata dabarar karkatar da sanyin esi zuwa ruwan intakula, kuma ko an kashe ta fanka da famfo suna ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Kun ga ke nan, motar miliyoyi ma ba ta tsira daga abin da ke damun mai sauraronmu ba.

Yadda za ka bambance kafin ka kashe kuɗi

In jiƙewa da zafi ce kawai, alamunta a fili suke. Mota tana da ƙarfi da asuba da dare, tana kasala da rana tsaka. Kasalar ta fi tsanani daidai bayan doguwar tsayuwa ko tafiyar hawainiya cikin kasuwa. Da an samu miƙaƙƙiyar hanya iska ta ratsa na ƴan mintoci, sai ƙarfi ya dawo, hayaƙi ya ragu. Famfon mai ko nozul da ya lalace ba ya warkewa don an yi kilomita biyar.

In kuwa kasalar ba ta san safe ko yamma ba, sai a duba wasu wurare, daga mai araha zuwa mai tsada. A fara da matatar iska, musamman bayan hunturu da ƙurarsa. Sai matatar mai, don man da ake saye a jarka a bakin hanya yakan zo da datti ko ruwa. Sai tiyoyin intakula da zobban da ke ɗaure su: in ka ji fito ko shiii lokacin da ka taka totur, ko ka ga baƙin mai ya yi danshi a wata gaɓa, to iska na tsiyaya a nan. Ɗan tsagi a tiyo ya isa ya sa mota hayaƙi dare da rana. Sai an gama da waɗannan ake zancen famfo, kuma kana da haƙƙin ka ce wa makanike a auna shi a kan injin gwaji kafin a ce a canza.

Abin da direba zai iya yi da hannunsa

Na farko, tsafta. Haƙarƙarin intakula yana toshewa da ƙura, fara, ƙarangiya, ƴaƴan ciyawa da ledoji, musamman ga motar da ke shiga rugage da kasuwannin daji. A bari injin ya huce, a wanke da ruwa mai sauƙin ƙarfi ko a hura da iska, daga baya zuwa gaba in zai yiwu. Injin wanki mai tsananin ƙarfi yana lanƙwashe haƙarƙarin, kuma in sun kwanta iska ba ta wucewa. A leƙa tsakanin intakula da lagireto, don nan ne datti ke ɓuya.

Na biyu, a bar wa iska hanya. Mun sha ganin an ɗaura safaya, jarka, allon ado ko manyan fitilu a gaban mota, daidai inda iska ke shiga. Wasu kuma sukan toshe hancin bonet wai don ƙura, ko su bar robar da ke haɗa hancin da intakula ta yage ba su mayar ba. Duk wannan shaƙe mota ne.

Na uku, in layi ya yi tsawo kuma ka san ba motsi nan kusa, ka bar injin ya yi aiki a hankali minti ɗaya ko biyu, sannan ka kashe. Waɗannan mintocin don turbo ne: in aka kashe shi nan take bayan gudu, baƙin man da ke cikinsa yana tsayawa ya ƙone ya zama gawayi, a hankali ya ci turbon. In ka samu inuwa, shige ta. In wurin ya ba da dama, ɗaga bonet zafi ya fita.

Na huɗu, in an sallame ka, kada ka take totur har ƙasa. Tashi a hankali, ka ba intakula kilomita biyu ko uku ya sha iska. Wannan ba zancen mai kaɗai ba ne, zancen rai ne. Direban da ya saba da ƙarfin motarsa na safe, ya fito daga layi ya ce zai wuce tirela, in ƙarfin bai zo ba ga wata mota ta taho, sai dai Allah Ya kiyaye.

Wasu sun tambaya ko a yayyafa wa intakula ruwa kamar masu tsere. Yayyafi kaɗan a kan haƙarƙarinsa ba laifi, yana taimakawa na ɗan lokaci. Amma kada a kwara ruwan sanyi a kan turbo ko bututun salansa mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri kuma yana barin farin ɓawo, in ya haɗu da ƙura ya zama laka. Murfin lagireto kuwa, kada a kuskura a buɗe shi da zafi.

Akwai kuma abin da muke roƙon a daina. In intakula ya fashe a hanya, wasu sukan haɗa tiyo kai tsaye daga turbo zuwa injin su tsallake shi. Don a lallaɓa a kai gari a hankali, wannan lalura ce. Amma a ci gaba da lodi a haka wata da watanni, to ana dafa fistin ne. Haka nan in an cire tiyo aka ga ɗan maiƙo a ciki, wannan ba abin tsoro ba ne. In kuwa baƙin mai ne kwance da yawa, turbo ke zubar da shi, kuma injin gazuwal yana iya jan man nan ya riƙa ci da kansa, ya haukace ko an zare makulli. Wannan sai gareji ba jinkiri.

Ga masu dabbobi

Ku da ba ku da mota amma kuna haya don kai shanu ko tumaki kasuwannin Illela, Maigatari ko Mai'aduwa, maganar nan ta shafe ku ta fuska biyu. Kafin a yi lodi, ku leƙa gaban motar ku ga ko a toshe take da datti, ku saurari injin ko yana fito, ku ga irin hayaƙin da take yi. Motar da ta mutu a hanya da rana tsaka, dabbobinku ne za su biya.

Sannan abin da ke samun intakula shi ke samun dabbar da ke cikin bodi. Muddin mota na tafiya, iska na ratsa tsakaninsu tana kwashe zafin jikinsu. Da ta tsaya a rana, an cunkushe su, ƙarfe ya yi zafi, numfashinsu ya haɗu, sai ka ga suna haki, mai rauni ya durƙushe a tattake shi. Ko bai mutu ba, ya isa kasuwa a rame, dillali ya karya masa farashi. Don haka a yi lodi da sanyin asuba ko da yamma, a shayar da su tun kafin lodi, a rage cunkoso a lokacin bazara, kuma a haɗa takardun duwan da na likitan dabbobi tun a gida don tsayuwar ta gajarta.

Shi kuma ɗan'uwanmu da ya bugo waya, shawarar da muka ba shi ita ce ya wanke intakula, ya canza matatar iska da ta mai, ya sa a duba tiyoyi da robar hancin bonet, sannan ya gwada tafiya ɗaya da asuba, ɗaya da azahar, ya lura da bambanci. Duk wannan bai kai kuɗin ɗan akuya ba, balle sa. Ya yi alkawarin zai sake bugowa ya gaya mana abin da ya gani, mu kuma za mu sanar da ku.

A fili na gaba, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana a kan man jarka da yadda ake gane wanda aka gauraya. Mai tambaya ya bugo mana lokacin shiri, ko ya ba wakilinmu saƙo ranar kasuwa. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya.